Shekarar da Na Daina Sayen Nono

A shekarar da kasuwar kuza ta faɗi, kamfani ya sallami maigidana daga aikin awo a Bukuru. Ya dawo da rana tsaka, ya jingine kekensa, ya ce in ba shi ruwan alwala.

Makwabta suka yi ta shigowa jaje. Gwaggonsa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, saki fuskarki! Mutuwa aka yi? Duk bokon naki bai koya miki godiyar Allah ba?" Matar telan gidanmu, Bayarabiya mai kirki, kullum sai ta leƙo: "Amariya, yi dariya mana, aiki yana zuwa!" Sai in yi. Shi ma maigidan, in ya dawo daga yawon nema na tambaye shi, amsarsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi." Na san gaskiya ce. Amma tsoro na cina, kuma duk garin Jos babu wanda zan gaya wa.

Akwai wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mini nono kowane hantsi. A tsakar gidanmu take sauke ƙwaryarta, ta sha ruwa, mu taɓa hira. Ita kaɗai ce baƙuwata ta kaina. Da abin hannunmu ya ja baya, ya zama dole in sallame ta, na yi ta ɗagawa don kada in rasa wannan zaman.

Ranar da na faɗa mata, ta riga ta ɗaga faifai ta kama ludayi.

"Inna, bari. Daga yau ba zan iya saye ba. An sallami maigidan."

Ta mayar da faifan a hankali. Na jira ta ce in yi haƙuri.

"Kayya, ɗiyata," ta ce. "Wannan abu da ciwo."

Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a kan sallaya. Ba ta hana ni ba. Ta zauna tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya har na gama, na taya ta ɗauka.

Ta ci gaba da biyowa shan ruwa, ba ciniki. Da kaka ta wuce, rugarsu ta tashi zuwa gangaren dutse neman ciyawa. Ban san ranar tafiyarsu ba. Na dai cika moɗa na ajiye a inuwa, har azahar moɗar tana nan cike.