Agogo Biyu na Bashi Mutale

Shekara talatin Chomba Sikazwe ya yi a ofishin safiyo na garin Kabwe yana zana taswirar gonakin mutane, bai taɓa makara ba ko da rana ɗaya. Kowa Bashi Mutale yake ce masa, wato baban Mutale, 'yarsu tilo da ke aure a Ndola. Da ya yi ritaya sai ya rasa abin aunawa. Ya auna tsakar gida, ya auna lambu, har matarsa Bana Mutale, wato maman Mutale, ta fara ɓoye masa igiyar awo. Ana cikin haka Amurkawa suka sauke wata 'yar mota mai ƙafa shida a duniyar Mars, tana rarrafe tana aiko da hotuna. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Su huɗu ne, duk tsofaffi marasa aikin yi. Sukan haɗu a wani shagon intanet kusa da tashar jirgin ƙasa, su haɗa kai a gaban kwamfuta ɗaya suna gardama a kan duwatsu. Idan ya koma gida sai ya ja layi da jan biro a ƙatuwar takardar da ya liƙa a bangon falo: jiya mita goma, yau mita uku.

"Bana Mutale, zo ki gani! Yau ta hau tudu!"

"Allah ya sauke ta lafiya. Ni ma na hau tudu da bokiti biyu, ban ga ka zana ni a bango ba. Ka wanke hannu, tuwon nshima na hucewa."

Cikin tsofaffin nan akwai Zimba mai gyaran agogo, shi ya kawo fitinar. Ya ji cewa kwanan Mars ya fi namu tsawo da kusan minti arba'in, sai ya taɓa cikin wani tsohon agogo, ya mai da shi mai ja baya da minti arba'in kullum. Bashi Mutale ya ɗaura shi a hagu, na Kabwe a dama. Duk bayan kwana goma sha takwas agogunan kan yi daidai, sannan su sake rabuwa.

Ranar da aka kwantar da Bana Mutale a asibiti saboda ƙari a ciki, ta faɗo a ranar da suka yi daidai. Ɗakin matan ba agogon bango. Ta kama hannunsa na dama ta kwance na Kabwe.

"Bar mini wannan in riƙa ƙirga zuwanka. Alhamis ƙarfe biyu za su shiga da ni tiyata. Ka zo ƙarfe ɗaya, ina so in ga wannan sanƙon naka kafin su sa ni barci."

"Kin taɓa ganin na makara?"

Alhamis ta zo da hadari, ba a ga rana ba tun safe. Kwana uku bai yi barcin kirki ba, zaman gida ya gagara, ya ce bari ya leƙa shagon ya rage lokaci. Motar ta tsaya gaban wani dutse tana gogarsa. Yana kallo yana duba hannu, yana kallo yana duba hannu. Mutumin da ya fi kowa sanin halin agogon nan, ranar ko kaɗan abin bai zo masa a rai ba. Sha biyu da rabi ya tashi, har yana yaba wa kansa da sammako.

Agogon ƙofar asibiti ya nuna masa uku saura kwata. Ya daɗe a tsaye yana kallonsa, ya yi lissafin a ka, lissafin ya fita daidai.

Ya zauna a benci. Wajen biyar likita ya fito ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Bashi Mutale ya miƙe, ya ce ya gode.

Bai yi kuka a makoki ba. Mata na ciki suna rusa kuka, maza na waje suna jin wuta, shi yana tsakiyarsu kamar baƙon da ya zo rakiya. Ya jira baƙin ciki ya zo, bai zo ba, har yau kuma bai zo ba. Yana cin abinci, yana aski, yana zuwa shago ran Asabar. Zimba ya daina haɗa ido da shi, shi kuwa ko haushinsa ba ya ji. Mutale ta taɓa tambayarsa ko mamanta ta bar wata magana. Ya ce a'a.

Ƙarya ya yi. Da ya koma ɗakin kwasar kayanta, tsohuwar da ke gadon kusa ta yafito shi.

"Kai ne mijin? Tun sha biyu idonta na ƙofa. Da suka zo da keken kai ta tiyata, nas ta fara mita, wai maza duk haka suke. Sai ta ce mata, 'Yarinya, kar ki zagar mini miji. Tafe yake. Can inda yake ɗaya ba ta yi ba.'"