Manhajar da ta ƙi fita daga laftof ɗina

Shekarun baya, lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a nan Potiskum, ina da wata laftof 'yar gwanjo. Ni kaɗai ne mai kwamfuta a cikin malamai, don haka ni ake ba wa aikin buga tambayoyin jarrabawa na dukkan darussa. Na riƙa rataya jaka ina taku kamar injiniya, alhali iyakar ilimina in buga in adana. Duk abin da ya wuce nan sai na kira abokina, wanda muka tashi unguwa ɗaya. Shi yana da wurin da yake yi wa ɗalibai lesin da yamma, kuma ya san kan kwamfuta.

Ana nan sai tambayoyinmu suka fara fita kafin ranar jarrabawa. Zango biyu a jere, yaran da ba sa iya haɗa jimla suna cinye maki. Shugaban makaranta ya tara mu. Zargi ya faɗa kan malamar Turanci, domin ita ke riƙe da makullin ofishin da ake ajiye takardun. Da ya tambaya ko wani ya ga wani abu, na ɗaga hannu na ce na taɓa ganinta tana fitowa daga ofishin ranar Asabar. Na gan ta ɗin kuwa, amma ban taɓa tambayarta abin da ya kai ta ba. Ta rantse har muryarta ta dishe. A makon aka sallame ta.

Bayan 'yan makonni laftof ɗin ta ƙara nauyi. Sai in kunna ta, in je in yi alwala, in yi salla, in dawo in tarar ba ta gama buɗewa ba. In na haɗa ta da waya kuma, data ta ƙare kamar ana zuƙa. Wani malami ya ce in cire manhajojin da ba na amfani da su. Na zauna na yi ta cirewa, kowace ta fita salin-alin, sai guda ɗaya mai alamar koriyar garkuwa. Abokin nan nawa ne ya sa mini ita, ya ce maganin bairos ce. In na danna a cire, sai ta nemi kalmar sirri. Na gwada sunana, na gwada lambar wayata, na kashe na kunna, har na ɗaga laftof ɗin na hura mata iska ta ƙasa, wai ko ƙura ce.

Na kira shi. Ya ce, "Kai, kar ka taɓa wannan! Ita ke tsare maka kwamfutar."

Na ce, "To ba ni kalmar sirrin mana."

Ya ce ya manta, amma in bari zai zo da kansa.

Ban jira ba, don aiki ya taru mini. Na hau Keke Napep zuwa Dogo Tebo, wajen wani dattijo Babarbare mai gyaran kwamfuta. Shi ma ya gwada ta ƙi. Ya kashe laftof ɗin ya tayar da ita ta wata hanya da ban taɓa gani ba, ya yi ta shiga wurare. Can ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, wa ya sa maka wannan abu?"

Na ce, "Abokina ne. Maganin bairos ce."

Ya ce, "Wannan ba magani ba ne. Matso ka gani."

Ya buɗe wata ma'ajiya da aka ɓoye. Hotuna ne birjik, na duk abin da ya taɓa bayyana a fuskar kwamfutata. Ga tambayoyin lissafi, ga na Turanci, ga amsoshinsu. Har da hirarrakina da matata, da takardar asibitin mahaifiyata. Ya ce manhajar ɗaukar hoto take yi a ɓoye tana aikawa duk lokacin da na hau intanet, shi ya sa nauyin, shi ya sa data ba ta zama. Sannan ya nuna mini adireshin imel ɗin da ake aika wa. Sunan tsokana ne da muke kiran abokina da shi tun muna firamare.

Na zauna a kan wani tsohon janareta, ina ta maimaita innalillahi. Dattijon ya ce zai iya goge ta nan take. Na ce ya dakata tukuna, akwai waɗanda ya kamata su gani da idonsu.

Daga nan wurin lesin ɗin abokina na wuce. Da farko ya musa, da na karanta masa adireshin sai ya sunkuyar da kai ya ce ai ba ni ya nufa da cuta ba, yara yake taimaka wa su ci jarrabawa.

Na ce, "Malamar da aka kora fa? Ba ka ji tausayinta ba?"

Ya ɗago ya ce, "Ai ba ni na ɗaga hannu a taro ba."

Na juya na fita. Tun daga ranar ko gaisawa ba mu ƙara yi ba.

Washegari na kai wa shugaban makaranta laftof ɗin, na faɗa masa komai, har da sakacina. Aka rubuta wa malamar takardar ban haƙuri, aka ce ta dawo bakin aiki. Ni na karɓi takardar na kai mata Gadaka, inda ta koma gidan iyayenta tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta. Ta karanta, ta ninke, ta ce ba za ta dawo ba. Na roƙe ta gafara.

Ta ce, "Na yafe, Malam. Amma ranar Asabar ɗin nan maganin asmar 'yata na manta a ofis, na koma ɗauka. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka."

Har yau in na tuna, cin amanar da abokina ya yi mini bai kai wannan maganar ciwo ba. Shi ya yi satar, amma bakina ne ya raba baiwar Allah da aikinta, alhali a lokacin ina ganin gaskiya nake faɗa. Yanzu in aka tambaya a taro ko wani ya ga wani abu, nakan tsaya in tambayi kaina: gani na yi, ko sani na yi? Sau da yawa hannuna a cinya yake zama.