Kwalabe a Ƙarƙashin Itacen Jego

Ƙanwata ta zo goyon ciki gidanmu na Azare ba da daɗewa ba bayan an kafa shari'a a jiharmu. Cikin fari ne. Ni a lokacin facin taya nake yi a bakin hanyar Katagum, in fita da safe, in dawo da ciwon baya. Abin da na lura kawai, barcinta ya yi yawa. Inna, tsohuwarmu, ta ce ciki ne.

Yaron ya zo ɗan ƙarami, ga kuka ba hutu, hannuwansa na rawa. Malamar asibiti ta tambaye mu, "Me take sha tun tana da ciki?" Muka ce kunu. Iyakar saninmu ke nan.

Bayan suna, ƙanwata ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata. Yana kuka, tana kallon bango. Matan unguwa suka yi ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai kunya! Jinin Fulani ya motsa." Inna har kanta na kumbura. Mu a wurinmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, shi ya sa babu wanda ya ga komai.

Ranar da mijinta ya kawo ƙarin itacen wankan jego daga Gadau, ni da shi muka ɗaga tsohon tulin itacen don mu gyara wuri. Kwalaben maganin tari ne a ƙasa, duk an shanye, yawansu ya wuce na mai tari. Mijin ya zuba su a buhu ya tafi. Saki ya fara zuwa, sammaci ya biyo baya. So yake kotu ta ba shi ɗansa ya kai wa yayarsa, don uwar ta cutar da yaron tun yana ciki, yanzu ma ba ta kula da shi. Ban ga laifinsa ba, gaskiya. Amma jinjirin ko wata biyu bai yi ba, kuma na san in ya bar gidan nan, ita ma mun rasa ta.

A kotu ba ta yi musu ba. Ta ce da tari ta fara, sai ta ji maganin yana sa ta barci, daga baya in ba ta sha ba jikinta kamar ana sassara shi. Alƙali ya ce muddin tana cikin wannan hali, reno ya fita daga hannunta. Mijin ya miƙe zai karɓi yaro.

"Zauna, Malam, ban gama ba," in ji alƙali. "Mahaifiyarta na raye?"

Inna ta ce, "Ga ni, ranka ya daɗe. Sai dai gwiwa."

"Gwiwa ba ta hana reno, Hajiya."

Ya ce a shari'a in an karɓe reno daga uwa, kaka ta wajen uwa ce ke biye, ba dangin uba ba. Uba zai ciyar, ya ga ɗansa duk lokacin da ya so. Ita kuma a kai ta asibiti, likita ne zai ce ko za ta ci gaba da shayarwa. Ni da ban yi karatu ba, ban taɓa sanin haka ba. A bayan Inna yaron ya dawo gida.

Rabuwa da kwalbar nan ba wasa ba ce. Ta yi amai, ta zage ni, ta koma sha, ta sake bari. Ni na riƙa kai ta asibiti a babur, har na gaji da kaina.

Wata rana da la'asar na dawo na tarar da ita a tsakar gida da yaron a goye, tana jijjiga shi, tana kiran sunansa a gaban mata. Wata maƙwabciya ta riƙe baki ta ce, "A'a, ina kunyar ta tafi?"

Inna ta ce, "Kunyar da ta kusa cinye mana ɗa? Ƙyale ta, ta kira shi."

Na cire takalmi na zauna, na ce a ba ni ruwa.