Gwamnan Gwaggo

Shekarun baya, lokacin da sojojin ƙasar nan suke ta bore kan albashi, ina da shagon sabulu da man gyaɗa a unguwar Kilomita Biyar, ba nisa da masallacin Koudoukou. A Bangui aka haife ni, a nan na yi aure. Najeriya kuwa labarinta kawai nake ji, yawanci daga bakin gwaggona, yayar mahaifina, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu bayan rasuwar mijinta ta zo ta zauna da mu.

Abu biyu Gwaggo ta zo mana da su: wani ɗan akwatin ƙarfe da ba ta bari kowa ya taɓa, da labarin gwamnanta. Famfo ya ɗauke, sai ta ce da gwamnanmu ne da ba a yi haka ba. Kwata ta cushe, gwamnanmu. Wai a zamaninsa ya sa kowane ƙauye a jiharsu ya zaɓi mace guda, aka kwashe su a mota zuwa birni, aka koya musu karɓar haihuwa, aka ba kowacce akwati mai almakashi da zare da auduga. Ranar da za a sallame su ya zo da kansa, ya ɗora musu sharaɗi ɗaya: wadda duk aka koya wa, sai ta koya wa wata. Bai daɗe a kujera ba sojoji suka karɓe mulki. Sunansa kuwa Gwaggo ba ta taɓa kamawa ba, sai ka ce surukinta ne.

Ni kuma bakina ba ya shiru. Nakan ce, "Gwaggo, mutumin nan ya ma san kina duniya? Nan fa Bangui ce, ko gwamnan ba mu da shi."

Sai ta harare ni ta ce, "Kai dai ci gaba da awon man gyaɗarka."

Tsokanar tawa akwai ciwo a ƙarƙashinta. Ɗanmu na fari kafin zuwan Gwaggo aka haife shi, a gida. Wata tsohuwa ce ta yanke masa cibiya da rezar da ta kwance daga bakin zaninta. Kafin ranar suna cibiyar ta kumbura, jikinsa ya sandare, ya koma. Tun daga ranar na rantse babu tsohuwar da za ta sake taɓa min mata, sai asibiti. Da matata ta sake samun ciki na faɗa wa Gwaggo haka ido da ido, ita da akwatinta. 

To, ana so ana ƙi, Allah ya riga ya tsara. Ranar da naƙuda ta tashi, da hantsi, ita ce ranar da harbi ya fi kowace rana tsanani. Babu tasi ko ɗaya a titi. Na ɗauko amalanken da nake dakon kaya, na shimfiɗa katifa, na ɗora matata, na kama turawa. Ni da ko buhun shinkafa sai an kama min. Muna isa babban titi muka tarar an gindaya tayoyi da duwatsu, wani soja ya ɗaga min bindiga ya yi min tsawa da Sango, yaren ƙasar nan, in koma inda na fito. Na ce haihuwa ce. Ya ce ko uwarsa ce a kai babu mai wucewa. Na juyo da amalanken ina kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Gwaggo na tsaye a ƙofar gida, akwatinta a hammata, kamar ta san yanzu za mu dawo. Ba ta yi min gori ba. Ta ce, "Shigar min da ita ɗaki, ka hura wuta, ruwa nake so ya tafasa."

Na ce, "Gwaggo, gawayi ya ƙare, kasuwa a rufe take tun shekaranjiya."

Ta nuna kujerar katakon da nake kishingiɗa a ƙofar shago, wadda ko abokaina ba na bari su zauna a kai. Ta ce, "Waccan fa, ƙarfe ce?"

Da hannuna na faskara ta. Ina tsugune ina fifita wuta na ga ta zuba almakashi da zaren a tukunya ta bar su suna tafasa. Ta sa na ɗauko sabon sabulu a shago, ta yanke farcenta, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta sake wankewa. Ni duk gani nake ɓata lokaci take yi. Na ce ta yi sauri mana. Ta ce, "Saurin nan ne ya cinye maka na farko." Sai na koma na ci gaba da fifita wutar.

A lokacin akwai wata mai suyar fanke 'yar unguwar Yakité da ta fake a gidanmu saboda harbi ya rutsa da ita. Ba Musulma ba ce, Hausa kuma ko zo ba ta ji. Gwaggo ta dube ta, ta miƙa mata sabulun, ta ja ta ɗaki. Na ce me za ta yi mata a ciki? Ta ce, "Alkawari na ɗauka, kuma tun da na zo garin nan ban cika ba."

Gwaggo ba ta jin Sango, baƙuwar ba ta jin Hausa, ni kuma ba ni da ikon shiga. Sai ga shi matata ce tafinta. Ina jiyo ta daga tsakar gida, ta yi salati da ƙarfi, ta numfasa, sannan ta ce da Sango, "Ta ce kada ki danna cikin, ki bari ya zo da kansa." Can ta sake yin ƙara, ta ce, "Ta ce a ɗaure wuri biyu, a yanka a tsakiya." Har yau in na tuna sai in yi dariya, amma ranar addu'a kawai nake yi.

Wajen la'asar na ji kukan jaririya. Ban yi murna sosai ba, tsoron cibiya ya hana ni. Kullum da safe sai na leƙa, Gwaggo tana kore ni, tana kore duk tsohuwar da ta zo da toka ko wani ƙulli za ta barbaɗa. Cibiyar ta bushe ta faɗi lafiya lau. Ranar suna babu rago saboda babu kasuwa, dabino kawai aka raba a masallaci, amma ban taɓa yin suna mai daɗin wannan ba.

Da gari ya lafa, mai fanken nan ta riƙa bin Gwaggo duk inda aka kira ta, har suka ƙirƙiro wani yare nasu, rabi Hausa rabi Sango. Da Gwaggo ta rasu, ita aka ba akwatin, haka ta bar wasiyya. Ita ma ta koya wa wasu, a Yakité da nan unguwarmu. Duk lokacin da fitina ta sake rufe hanyar asibiti, matan nan ake bugawa ƙofa, kuma ba sa tambayar addinin mai naƙuda.

Abin da ya zauna min a rai shi ne, na ga shugabanni da yawa masu hotuna a bango da suna a rediyo, yau ko ƙurarsu babu. Shi wannan bai taɓa taka Bangui ba, ya yi aikinsa don ƙauyukan jiharsa, amma ga alherinsa ya tsallako ƙasashe ya same ni har tsakar gidana. Shi ya sa ban cire rai da shugabanci ba, kuma na rage yi wa tsofaffi dariya, ko da yake ban daina gaba ɗaya ba.

Kwanan baya 'yar tawa ta haihu, a asibiti, lafiya. Mai fanken ta zo barka tana dogara sanda. Wata yarinya ta miƙa hannu za ta ɗauki jaririn, sai ta buge hannun ta ce da Sango ta je ta wanke tukuna, haka gwamnanmu ya ce. Na tambaye ta, "Mama, wane gwamnan? Kin san sunansa?"

Ta ce, "Ina zan sani? Gwamnanmu dai."

Ni ma ban sani ba, kuma wadda za ta faɗa min ta tafi. Amma in na idar da salla ina sa shi a addu'a tare da Gwaggo. Allah ya san wanda nake nufi.