Yadda Malama Take Riƙewa

Shekara ashirin da shida ke nan Malama Babba tana zama a kan kujerar da aka ƙera don ɗan shekara uku, gwiwoyinta kuwa sun daɗe da daina yafe mata. Ajinta shi ne na ƙarshe, kusa da famfo. Wanda ya leƙa sai ya rantse shagon tela ne aka zazzage: maɓallai cike da gwangwanin madara, guntayen zare, almakasai marasa tsini.

Aikinta gyaran yatsu ne. Kafin yaro ya taɓa fensir, sai ya iya tsintar maɓalli da babban yatsa da manuni, ya zura shi a zare. Iyaye kullum cikin ƙorafi suke, wai wata uku ba a rubuta ko harafi ɗaya ba, sai wasa da tarkace. A da tana bayani har bakinta ya bushe. Yanzu sai ta ce, "A ƙara haƙuri," ta juya abinta.

Su ma yaran ba ta cika musu kunne. Ta san ƙaramin yaro ba ya jin bayani, hannu yake kallo. Sai ta zauna gabansu ta yi abin a hankali, su kwaikwaya.

Bara ciwon gaɓɓai ya sauko mata a yatsu. Babban yatsan dama ya ƙage, manunin ya karkace. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san shugabar makaranta za ta mayar da ita ofis ta riƙa jera takardu, a ba sabuwar malama ajin. Ita kuwa 'ya'yanta sun watse, gidan ya yi mata faɗi, ajin nan kaɗai ya rage mata. Sai ta nemo dabara: ta dunƙule hannu, ta kwashi maɓalli da gefen yatsan tsakiya, ta matse shi a tafi. Da zafi, amma yana ɗaukuwa.

Wata Laraba shugaba ta shigo duba aji. Ta zaga tebur ɗaya, ta zaga na biyu, sai ta tsaya.

"Yaya," ta ce, don haka take kiranta saboda girma, "zo ki gani. Me ya sami hannun yaran nan?"

Malama Babba ta miƙe da ƙyar ta duba. Yara goma sha takwas, kowanne ya dunƙule hannu, ya ajiye lafiyayyen babban yatsansa gefe, yana kwasar maɓalli da gefen yatsan tsakiya. Wasu har da cije leɓe, kamar masu jin ciwo.

Shugaba ta durƙusa gaban wata 'yar lukuta. "Ke, wa ya koya miki haka?"

"Haka Malama take yi," in ji yarinyar, tana washe baki, tana jiran yabo.

Kunya ta rufe Malama Babba, sannan wata gajiya ta danne kunyar. Wata shida tana koya musu ciwonta, su kuma, bayin Allah, sun haddace tsaf.

"Laifina ne," ta ce. "Gobe ki turo sabuwar malama ta zauna gabansu. Yatsunsu ba su riga sun saba ba, za su gyaru."

"Ke fa, Yaya?"

"Ni ki sa ni duk inda ba za su ga hannuna ba."