Tabon Bayan Sadisu

Shekara talatin ke nan Malam Datti, mutumin Zariya, yana sayar da mangwaro da lemo a kasuwar Zuba. Amma abin da ya sa kowa ya san shi a can shi ne wankan gawa. Wajen mahaifinsa ya gada, tare da ƙa'ida guda da tsohon ya yi ta nanata masa: mai wankan gawa yana da ido, ba shi da baki. Abin da ka gani a jikin mamaci amana ce, da ita za ka shiga naka kabarin.

Bai yi boko ba, amma hannunsa ya yi karatu. Da ya taɓa gawa yakan kintaci lokacin da rai ya fita. Jiki ya huce, muƙamuƙi ya fara sandarewa, sai wuya, sai gaɓoɓi, bayan kwana ɗaya ko biyu su sake saki. Ya kuma san in zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, fatar wurin ta yi duhu kamar mangwaron da ya kwana a gindin kwando.

Wata Laraba da safe aka tarar da Sadisu, wani Bakatsine mai sayar da lemo, kwance rigingine a rumfarsa, rai ya yi halinsa. Ran Talata kuwa duk kasuwa ta ga ya yi cacar baki da Philip, wani manomi daga garin Orozo, kan wurin sauke kaya, har sai da aka shiga tsakani.

A wurin wankan, Musaddiq, yayan mamacin, shi ke zuba wa Datti ruwa. Sadisu farin mutum ne, don haka da aka juya shi, sai ga bayansa ya yi baƙi-baƙi tun daga wuya har ƙugu. Musaddiq ya saki buta.

"Innalillahi! Dukansa aka yi!"

Datti ya duba. Ba kumburi, ba fashewar fata, kuma allon kafaɗu, inda jiki ya danne tabarma, fari tas. Sanda ba ta zaɓen wuri haka. Maganar ta zo masa har leɓe, sai ya tuna da mahaifinsa.

"Zuba ruwa, Malam Musaddiq," abin da ya ce ke nan.

Kafin azahar an rufe Sadisu, kafin la'asar an kama Philip.

Ita amanar nan ai don rufa wa mamaci asiri aka yi ta, ba don a binne mai rai ba. Sai da Datti ya kwana uku yana juyayi ya gane haka, ya tafi ofishin 'yan sanda yin ihu bayan hari. Da ya ce tabon bayan Sadisu kwanciyar jini ne, ba duka ba, wani sajan ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, kai dokta ne? Ina satifiket?"

Bayan wata bakwai ya samu ganin wani likita mai binciken gawa. Likitan ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Da an tsaga wurin a ranar, da an bambance: jinin da duka ya jawo yana fantsama cikin nama, wannan kuwa cikin jijiya yake zaune. Amma yanzu ƙasa ta cinye shaidar."

Shekara huɗu ke nan Philip yana gidan yari yana jiran shari'a. Datti ya rame, baƙin ciki na cin sa, kuma har yau shi ake kira in an yi mutuwa.

Duk Juma'a Lucy, matar Philip, takan biyo ta rumfarsa in ta dawo daga ziyara. Ba ta san abin da ya faru a wurin wankan ba. Takan rusuna ta ce da Hausarta, "Baba, kai ɗaya ne ya tsaya mana. Allah zai biya ka."

Shi kuma sai ya sunkuya, ya zaɓo mata mangwaro daga saman kwando.