Daminar Da Na Yi A Kwance

Ranar wata Laraba ce, farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare. An yi ruwa da asuba, hanyar gonarmu ta bayan Gozaki ta yi santsi. Ina zaune a saman buhunan taki a kurar shanu, ina kora, sai ƙafar kurar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ban san lokacin da na bar saman buhunan ba. Na dai ji wata ƙara a cinyata, kamar an karya ɗanyen rake. Babana da wani maƙwabcin gonarmu suka ɗauko ni a kan ƙyauren bukka. Kafin azahar maɗori ya ja ƙafar, ya jera mata karare, ya ɗaure da tsumma, ya ce kada in motsa sai ya ba da izini.

Ni kuwa a lokacin babu abin da nake so kamar gona. Makaranta don Baba nake zuwa. Burina in girma in riƙe garma, in mallaki shanun huɗa nawa na kaina. Sai ga ni a kan tabarma a ɗakin da ke kusa da zaure, taga ɗaya ce ƙarama, ita ma tana kallon bangon rumbu. Da safe ina jin fitar mutane da fartanya a kafaɗa, da yamma ina jin ihun 'yan langa a ƙofar gida. Inna takan kawo kunu ta ajiye, ta kwashe kwanon jiya, ta ce, "Sannu Isiyaku, kwanciyar ma ibada ce." Masara ta tsiro, aka yi noman fari, aka yi maimai, duk a bakin ƙannena nake ji.

Malam Bitrus, mai koya mana fiziks, gidansa na bayan namu. Da ya ji jarrabawar ƙarshen shekara za ta iya wuce ni, sai ya riƙa biyowa bayan an tashi. Yakan jingine kekensa, ya zauna a kan turmi a bakin ƙofa, ya ba ni tambaya. Mota ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi da gudu kaza, yaushe za ta isa? An jefa dutse sama, ina zai kai kafin ya juyo? Tambayoyin nan haushi suke ba ni, don komai na cikinsu tafiya yake yi, ni kaɗai ne a wuri ɗaya. Ranar da ya koya mini cewa in ka tura bango tun safe har yamma bai gusa ba, to a lissafi ba ka yi aiki ba, sai na ce, "Ke nan Malam, ni duk daminar nan ban yi komai ba." Ya kalli ƙafata ya ce, "A littafi ne kawai. Ci gaba."

Wata rana na roƙe shi mu lissafa faɗuwata. Da farko ya ƙi, da na nace sai ya tambayi tsayin kurar da lodinta. Muka ce ya kusa mita biyu. Na yi lissafin da kaina, gudun da na bugi ƙasa da shi ya fito wajen mita shida a daƙiƙa ɗaya. Na zuba wa lambar ido. 'Yar wannan abar ce ta raba ni da gona. Na juya fuska bango na yi kuka, shi kuma bai ce in yi shiru ba, bai kuma tafi ba sai da aka kira la'asar.

Da sanda na je jarrabawa, a bayan keken Malam, na kuma ci. Amma da aka kwance ɗaurin, ƙafar ta ɗan gajarce. Da kaka na gwada bin shanu a fili, ban kai ƙarshen kunya ɗaya ba na zauna. Baba ya karɓi igiyar a hankali ya miƙa wa ƙanena. Da muka dawo gida ya ce, "Noma ya fi ƙarfinka yanzu. Ka riƙe bokon nan da kyau." Ban musa ba, don babu wata hanyar.

Yau ni ma fiziks nake koyarwa a Funtua. Ɗalibaina kan ɗauki hoton tambaya da waya, amsa ta fito kafin in gama goge allo. Malam Bitrus ya yi ritaya ya koma garinsu, gonarmu kuma ƙanena ke nomawa, yakan aiko mini da buhun masara in an yi girbi. Ina godiya, aikin ya rufa mini asiri. Sai dai duk sanda hadari ya haɗo ina tsakiyar darasi, nakan rasa inda na tsaya, har sai wani yaro ya tuna mini. Na iya lissafin tafiya sosai, amma ban je inda na so ba.